Rasha da Zamanin Stalin: Wa Ke da Ikon Faɗa wa Yara Abin da Ya Faru?

A watan Mayun 2025 fasinjojin jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin Mosko suka wayi gari da siffar Joseph Stalin, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, an sassaƙa ta a bangon tashar Taganskaya, ma'aikata da yara sun kewaye shi. An kwaikwayo ta ne daga wadda aka cire a tashar tun shekarun 1960. Wata shida kafin nan, a Nuwamban 2024, hukumomin birnin sun rufe gidan tarihin Gulag, wato sansanonin aikin tilas na zamanin Stalin, suka ce ginin bai cika sharuɗɗan kariya daga gobara ba. Amma a cikin wannan birni dai akwai wata doguwar katangar tagulla ta tunawa da waɗanda aka zalunta a zamanin Sobiyet, wadda Shugaba Vladimir Putin da kansa ya buɗe ranar 30 ga Oktoban 2017, inda ya ce babu wani dalili da zai halasta abin da aka yi wa mutanen.

Duk mai bin labaran Rasha zai iya rikicewa a nan. Gwamnati ta yarda an yi zalunci ne, ko kuwa tana musantawa? Abin da ke ƙasa shi ne, ba ta taɓa cewa ba a yi ba. Taƙaddamar tana kan wanda zai riƙe labarin, da girman gurbin da za a ba shi a aji, da kuma ko za a ambaci waɗanda suka aikata kamar yadda ake ambaton waɗanda aka aikata wa.

Irin mulkin da ake magana a kai

Kama-karya hawa-hawa ce. Akwai mai mulkin da burinsa bai wuce kujera ba: muddin ba ka taɓa shi ba, ka je kasuwarka, ka yi ibadarka, ka tarbiyyantar da 'ya'yanka yadda ka ga dama. Akwai kuma mulkin da ba ya barin komai a hannun mutum. Jam'iyya ɗaya ce, aƙida ɗaya, jarida da rediyo da makaranta da gona da masana'anta duk na gwamnati ne, 'yan sandan ciki kuma suna da kunne a kowace unguwa. Wannan na biyun shi masana ke nufi in suna magana kan Jamus ta Hitler daga 1933 zuwa 1945, da Tarayyar Sobiyet ta Stalin daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa mutuwarsa a 1953. Haɗa su biyun ƙarƙashin suna ɗaya shi kansa abin jayayya ne tsakanin masana tarihi, kuma za mu ga cewa a Rasha ya zama batun doka.

Gulag sunan hukumar da ke kula da sansanonin aikin tilas ne, daga baya ya zama sunan tsarin gaba ɗaya. Ƙiyasin da aka fi dogara da shi ya nuna kimanin mutum miliyan 18 suka bi ta waɗannan sansanoni tsakanin 1930 da 1953, kuma takardun hukumar da kanta sun nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi sun mutu a ciki. Lamarin ya fi muni a 1937 da 1938. Ranar 30 ga Yulin 1937 shugaban hukumar tsaro ta NKVD, Nikolai Yezhov, ya sa hannu kan umarni mai lamba 00447, wanda ya yanka wa kowane lardi adadin mutanen da zai kama. Rukuni na farko harbi, rukuni na biyu shekara takwas zuwa goma a sansani. Kwamitin mutum uku ke yanke hukunci, galibi ba tare da wanda ake tuhuma yana wurin ba. A cikin shekaru biyun nan an harbe mutum fiye da dubu 680.

Sai kuma abin da ake kira wanke suna, wato hukuma ta sake duba shari'ar mutum ta bayyana cewa bai yi laifi ba. Ga da yawa wannan takarda ta zo ne shekara ashirin ko hamsin bayan an binne su.

Yadda ƙofar ta buɗe

A Fabrairun 1956 Nikita Khrushchev, wanda ya gaji Stalin a shugabancin jam'iyyar kwaminis, ya tsaya gaban babban taron jam'iyya, a zaman sirri, ya fallasa wani ɓangare na ta'asar Stalin. An saki fursunoni da yawa, a 1961 kuma aka fitar da gawar Stalin daga hubbaren da ya ke kwance kusa da Lenin. Sai dai an jingina laifin ga mutum ɗaya, aka bar jam'iyya da tsarinta a wanke. Da Leonid Brezhnev ya hau a 1964 maganar ta sake komawa cikin gida, inda tsofaffi ke yin ta ƙasa-ƙasa, wasu ma ba sa yi ko kaɗan don tsoron kada yaro ya kai ta makaranta.

Zamanin Mikhail Gorbachev ne ya kwance bakin jakar. Jaridu suka riƙa buga abubuwan da suka saɓa wa littattafan makaranta, har ta kai a 1988 aka soke jarrabawar tarihi ta kammala sakandare, saboda ba a ga amfanin gwada yara kan abin da aka san ba gaskiya ba ne. A Disamban 1989 majalisar wakilan ƙasar ta yi tir da sharuɗɗan sirri na yarjejeniyar da Stalin ya ƙulla da Hitler ranar 23 ga Agustan 1939. A Afrilun 1990 Mosko ta amsa cewa NKVD ce ta kashe hafsoshi da manyan ma'aikatan Polan kusan dubu 22 a dajin Katyn da wasu wurare a 1940, bayan kusan shekara hamsin tana ɗora wa Jamusawa. Ranar 18 ga Oktoban 1991 aka kafa dokar wanke sunan waɗanda aka zalunta saboda siyasa.

A wannan yanayi ne aka haifi ƙungiyar Memorial, wadda masanin kimiyya Andrei Sakharov ya zama shugabanta na girmamawa na farko. Aikinta tattara sunaye ne, ɗaya bayan ɗaya, daga takardun kotu da wasiƙu da bakin iyalai, har rumbunta ya kai kusan suna miliyan 3.

Abin da ba a yi ba a lokacin shi ne ya dawo yana damun lamarin yanzu. Bayan 1991 ba a gurfanar da masu aikata ta'asar ba, ba a kuma hana tsofaffin jami'an tsaro riƙe muƙamai ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashen Gabashin Turai. Mafi yawan takardun suka ci gaba da zama a hannun hukumar tsaro ta FSB, magajiyar KGB ta zamanin Sobiyet. Ga shi kuma shekarun 1990 sun zo wa talakan Rasha da tsadar rayuwa da rashin albashi da rushewar masana'antu. A tunanin mutane da yawa tonon asirin tarihi ya haɗu da wannan wahala, suka zama abu ɗaya: lokacin da aka wulaƙanta ƙasa.

Littafi ɗaya ga ƙasa duka

A 2013 Putin ya nemi a samar da tsarin koyar da tarihi guda ɗaya wanda babu saɓani a cikinsa. Shekara goma aka ɗauka kafin a kai ga hakan. Ranar 1 ga Satumban 2023 ɗaliban aji na 10 da na 11, wato shekaru biyun ƙarshe na sakandare, suka fara amfani da sabon littafin gwamnati. Manyan marubutansa su ne Vladimir Medinsky, wanda ya yi ministan al'adu daga 2012 zuwa 2020 kuma ya jagoranci tawagar Rasha a tattaunawa da Yukren, da Anatoly Torkunov, shugaban jami'ar horar da jami'an diflomasiyya ta MGIMO.

Littafin bai share Gulag ba, bai kuma share 1937 ba. Yana ambatonsu. Abin da masu sukarsa ke nunawa shi ne inda aka ajiye su: ana gabatar da danniyar a matsayin abin da ya faru cikin matsin barazanar yaƙi daga waje, a tsakiyar labarin gina masana'antu da cin nasara kan Hitler. Littafin aji na 11 ya gangaro har zuwa yaƙin Yukren na yanzu, da bayanin da ya yi daidai da matsayin fadar Kremlin. Tun Satumban 2022 kuma kowace Litinin ana buɗe mako da ɗaga tuta da wani darasi na musamman kan kishin ƙasa.

Doka ta kewaye ajin ta kowane ɓangare. Tun 2014 akwai sashe na 354.1 a kundin laifuka, wanda ya haramta wanke aƙidar Nazi, ya kuma haɗa da yaɗa abin da aka kira ƙarya da gangan kan ayyukan Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu. Gyaran tsarin mulki na 2020 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare gaskiyar tarihi. A 2021 aka haramta daidaita manufofi da ayyukan shugabannin Sobiyet da na Jamus ta Nazi a lokacin yaƙin. Babu ɗaya cikin dokokin nan da ta hana magana kan 1937 kai-tsaye. Amma malamin da ya zo kan 1939, ko Katyn, ko shigar sojojin Sobiyet ƙasashen Baltik, ya san yana tafiya ne a bakin iyakar da ba a ja ta da kyau ba.

Inda littafin ya ci karo da bango

Ranar 23 ga Fabrairun 1944 aka fara kwashe al'ummar Chechen da Ingush gaba ɗayansu, kusan mutum rabin miliyan, aka loda su a taragon dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan. Haka aka yi wa Karachai da Balkar da Kalmik, a watan Mayu kuma aka kwashe Tatar na Kirimiya kusan dubu 190. Mafi yawan waɗannan al'ummu Musulmi ne. Tuhumar ita ce haɗa baki da sojojin Jamus, kuma an yi ta ne a kan ƙabila sukutum, har da jarirai da matan da mazajensu ke bakin daga cikin rundunar Sobiyet. Dubun dubatar mutane sun mutu a hanya da shekarun farko na zaman baƙunta. Sai a 1957 aka bar Chechen da Ingush su koma gida, Tatar na Kirimiya kuwa sai ƙarshen shekarun 1980.

Bugun farko na littafin aji na 10 ya danganta kwashewar da haɗin bakin da aka ce an yi da abokan gaba. Nan take aka yi ca a yankin Kaukasus. Magomed Daudov, wanda a lokacin shi ne shugaban majalisar Checheniya kuma na hannun daman shugaban yankin, Ramzan Kadyrov, ya fito fili ya ƙi amincewa, aka kuma sake rubuta sakin layin. Abin lura a nan shi ne gyaran ya yiwu saboda masu ƙorafin suna da ƙarfi a cikin gwamnati. Jikokin manoman da aka kora daga gonakinsu a farkon shekarun 1930, ko na malaman addinin da aka harbe, ba su da wani mai faɗa a ji da zai buga tebur a madadinsu.

Sunaye a jikin bango

A wajen aji, aikin tunawa ya daɗe yana hannun jama'a. Daga 2007 zuwa 2019, kowace ranar 29 ga Oktoba mutane kan yi layi na sa'o'i cikin sanyi a dandalin Lubyanka, gaban tsohuwar hedikwatar KGB, kusa da wani dutse da aka ɗauko daga tsibirin Solovki inda aka kafa ɗaya daga sansanonin farko. Kowa za a miƙa masa 'yar takarda, ya matsa gaban makirfo ya karanta suna, da shekaru, da sana'a, da ranar da aka harbe mutumin. Wasu kan ƙara da sunan kakansu. Daga 2020 hukumomin Mosko suka daina ba da izinin taron, suna kafa hujja da annobar korona.

A 2014 aka fara wani shiri da ake kira Adireshin Ƙarshe. Ɗan allon ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ana kafa shi a jikin gidan da aka zo aka ɗauke mutum. A kai akwai suna, sana'a, shekarar haihuwa, ranar kamu, ranar kisa, da shekarar da aka wanke shi. A gefe an huda wani gurbi mai kusurwa huɗu, inda hoto ya kamata ya kasance. An kafa fiye da dubu, amma a 'yan shekarun nan ana yawan samun an ɓamɓare su, ba a san masu yi ba.

Memorial ta kuma riƙa shirya gasar rubutu ga 'yan sakandare tun 1999, inda yaro zai zauna da kakarsa ko ya shiga ma'ajiyar takardu ta garinsu ya rubuto tarihin mutum ɗaya. A 2016 wasu masu zafin kishin ƙasa suka tare ƙofar bikin ba da kyaututtuka a Mosko, suna kiran mahalarta maciya amana, suka watsa wa marubuciya Lyudmila Ulitskaya koren magani a fuska.

Ranar 28 ga Disamban 2021 Kotun Ƙolin Rasha ta ba da umarnin rusa Memorial. Dalilin da aka rubuta shi ne ƙungiyar ba ta riƙa liƙa wa wallafe-wallafenta tambarin wakiliyar ƙasashen waje ba, kamar yadda doka ta buƙata. Amma a zauren kotu mai gabatar da ƙara ya zarge ta da zana Tarayyar Sobiyet a matsayin ƙasar ta'addanci. A 2022 ƙungiyar ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, tare da Ales Bialiatski na Belarus da wata cibiyar kare haƙƙi ta Yukren.

Akwai kuma batun Yury Dmitriev, ɗaya daga waɗanda suka gano makabartar Sandarmokh a dajin Kareliya a 1997, inda aka harbe mutum fiye da dubu 6 a zamanin Stalin. An kama shi a 2016 bisa zargin cin zarafin 'yar da ya ke riƙo, wata kotu ta wanke shi daga babban zargin a 2018, daga baya aka sake shari'a har hukuncin ya kai shekara 15. Masu gabatar da ƙara sun ce shari'ar laifi ce tsantsa, magoya bayansa kuma sun ce ƙage ne saboda aikinsa. A daidai wannan tsakani wata ƙungiyar tarihin soja da Medinsky ke shugabanta ta yi haƙa a wurin, tana neman tabbatar da cewa wasu gawarwakin na fursunonin yaƙi 'yan Sobiyet ne da sojojin Finlan suka kashe.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan gwamnati suna farawa ne daga yaƙi. Tarayyar Sobiyet ta rasa kimanin mutum miliyan 27 wajen karya Hitler, da wuya ka sami gidan da bai yi rashi ba. A ganinsu, sanya ƙasar da ta 'yantar da sansanin Auschwitz a ma'auni ɗaya da wadda ta gina shi cin mutunci ne, kuma suna kallon ƙudurin Majalisar Turai na Satumban 2019, wanda ya ɗora alhakin ɓarkewar yaƙin kan yarjejeniyar 1939, a matsayin makamin siyasa. Suna cewa kowace ƙasa tana koya wa 'ya'yanta tarihin da zai sa su ƙaunace ta. Suna kuma nuni da cewa ba a ɓoye komai ba: ga katangar 2017, ga filin Butovo inda aka harbe fiye da mutum dubu 20 wanda Cocin Orthodox ke kula da shi, ga littafin Aleksandr Solzhenitsyn kan Gulag da aka shigar manhajar makarantu a 2009.

Masu suka ba su musanta sadaukarwar yaƙin. Abin da suke cewa shi ne tunawar da gwamnati ta yarda da ita tana nuna danniyar tamkar annoba ce da ta sauko, akwai mamata amma babu wanda ya kashe su. A 2016 Memorial ta wallafa bayanan jami'an NKVD kusan dubu 40 na shekarun 1935 zuwa 1939, kuma irin wannan aiki ne ya fi tayar da ƙura. Hujjarsu ita ce, in yaro bai koyi cewa hukumomin ƙasa ne suka tsara kisan da takarda da hatimi ba, ba zai gane haɗarin barin hukuma ba tare da linzami ba.

Ra'ayin jama'a bai tsaya wuri ɗaya ba. Binciken cibiyar Levada na 2019 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na ganin rawar da Stalin ya taka a tarihin ƙasar mai kyau ce. Masu nazarin al'umma sun sha jan hankali cewa yabon Stalin sau da yawa kuka ne kan cin hanci da rashin adalci na yau, ba burin komawa sansani ba. Mutum ɗaya kan iya yabonsa da safe, da yamma ya kai fure kabarin kakansa da aka harbe.

Maƙwabta, da misalin Jamus

A Latbiya da Lituweniya da Estoniya zamanin Sobiyet mamaya ake kiransa, kuma ana tunawa da kwashe mutane zuwa Saberiya a Yunin 1941 da Maris na 1949. Yukren ta ayyana yunwar 1932 zuwa 1933 a matsayin kisan ƙare dangi tun 2006, a 2015 kuma ta kafa dokokin da suka buɗe takardun KGB suka haramta alamomin kwaminisanci da na Nazi. Amma dokokin sun kuma karrama mayaƙan kishin ƙasa da ake zargi da kisan fararen hula 'yan Polan a Volhiniya a 1943, abin da har yanzu ke haddasa saɓani da gwamnatin Polan. Polan ita ma a 2018 ta sa hukuncin ɗauri kan danganta laifukan Nazi ga al'ummarta, sai da aka yi ta suka kafin ta janye shi cikin 'yan watanni. Amfani da doka wajen tsare tarihi ba Rasha kaɗai ke yi ba. Bambancin yana ga ko kotu da jarida da jami'a na da 'yancin ƙalubalantar gwamnati.

Jamus ake yawan kawowa misali, amma hanyarta daban ce. An ci ta da yaƙi, aka mamaye ta, aka yi wa manyan 'yan Nazi shari'a a Nuremberg a 1945 da 1946, duk da haka sai da shari'ar Auschwitz ta Frankfurt daga 1963 zuwa 1965 da tambayoyin matasan 1968 kafin maganar ta shiga gidaje sosai. Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma ta buɗe takardun Stasi, hukumar leƙen asiri ta Jamus ta Gabas, a 1992, kowa ya iya neman fayil ɗinsa. Ita ma tana da gefen da ta daɗe ba ta waiwaya ba: sai a 2021 ta amince a hukumance cewa abin da ta yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 kisan ƙare dangi ne.

Abin da ya shafi malami, ɗalibi da jika

Ga malami, littafi ɗaya na nufin jarrabawa ɗaya. Ko yana da abin da ya sani fiye da shafin, ɗalibansa za a gwada su ne kan shafin, kuma tun 2022 an samu malamai da suka rasa aiki ko aka ci su tara bayan wani ɗalibi ko iyaye sun kai ƙarar abin da suka faɗa a aji kan yaƙin Yukren. Sakamakon da aka fi gani ba ƙarya ba ce, tsallakewa ce: a karanta sakin layin, a wuce.

Ga ɗalibi, bayanin bai ɓace ba. Rumbun sunayen Memorial yana nan a intanet, tsofaffin ma'aikatanta na ci gaba da aiki. Amma sai wanda ya san akwai abin nema ne zai nema, kuma a da makaranta da gidan tarihi ne ke sa yaro ya fara tambaya.

Ga iyalai, batun ya fi kusa da jiki. Denis Karagodin, wani matashi daga Tomsk, ya shafe shekaru yana rubuta wa hukumomi wasiƙu har ya haɗa sunayen duk waɗanda ke da hannu a kisan kakan mahaifinsa a 1938, tun daga masu sa hannu har masu harbi. A 2016 jikar ɗaya daga cikinsu ta rubuto masa tana neman gafara. Irin wannan bincike ya dogara ne kan samun fayil, kuma dokar 1991 ta ba dangi damar ganin fayil ɗin wanda aka wanke ne. A 2024 gwamnati ta sake fasalin manufarta ta 2015 kan tunawa da waɗanda aka zalunta, ofishin babban mai gabatar da ƙara kuma ya bayyana cewa yana sake duba wasu takardun wanke suna da aka bayar a baya, yana mai cewa akwai masu haɗa baki da 'yan Nazi a cikinsu. Duk wanda aka soke wa takardar, zai yi wa jikokinsa wuya su ga fayil ɗinsa.